Buhun da Sambo Ya Karanta a Maigatari

Kwana goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baffanku Sambo makwancinsa. Ba don abin da kunnena ya ji a zaman makoki ba, da na tsallake wannan shekarar a labarin rayuwata, na wuce kai tsaye zuwa zamanin da na samu aiki a Gumel. Ranar sadakar uku, ɗaya daga cikin 'ya'yan dangi da ya yi jami'a ya tsaya yana karanto sunayen garuruwan da aka zo gaisuwa, ya rikita biyu. Sai wani dattijo ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai karatun Sambo ne." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, har da wasu daga cikinku. Ban ga laifinku ba. Kun tashi kun tarar ana faɗin haka a dangi duk lokacin da mai ilimi ya yi ɓarna, kuma an gaya muku asalin maganar: wai Sambo ne ya karanta rubutun buhu ba daidai ba, ya kashe garken mahaifinmu. Ba haka aka yi ba. Mu biyu ne muka san yadda aka yi, yanzu kuwa saura ni.

Shekarar ita ce ta babban farin nan, lokacin da aka canza mana kuɗi daga fam zuwa naira. Rugarmu tana arewa da Ɗanzomo, muna noma muna kiwo, a gida Fulatanci, a kasuwa Hausa. Damina biyu a jere gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Garken Baba, wanda a dā sai mutum uku ke kora shi, ya koma shanu tara, su ma kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ni na yi firamare a Sule Tankarkar har na gama, Baba ya ce ya isa haka, babban ɗa ba ya nisa da garke. Sambo kuwa, da na ba shekara huɗu, ya ci jarrabawa aka tafi da shi makarantar kwana. Baba bai so ba. Inna ce ta yi ta lallashi har ya sakar masa, amma da sharaɗi, kuma a gabanmu duka ya faɗe shi:

"Ya tafi. Ranar da na ga karatun nan ya cuci gidan nan, ranar zai ajiye shi."

A shekarar da nake ba ku labari saura wa Sambo shekara ɗaya da 'yan watanni ya gama. Malaminsu na kimiyya, wani ɗan Indiya, ya gaya masa in ya riƙe wuta zai iya zama mai haɗa magunguna a asibiti. Inna ta riƙe wannan maganar kamar laya. Ni kuma, zan faɗa yau tunda faɗa na zo yi, duk lokacin da ta maimaita ta sai kishi ya kama ni.

Ya zo hutu a ƙarshen rani. Aikinmu kullum shi ne mu bi bishiyoyin gawo, in hau in sassaro rassa, shi ya ja wa shanu. Wata rana da hantsi muna hutawa a gindin wata, sai ya share ƙasa da tafin hannunsa. Hamma yake kirana, wato yaya da Fulatanci.

"Hamma, ka san gishirin da muke ci yana da suna a rubuce?"

"Sunansa gishiri," na ce.

Ya yi dariya, ya tattaro tsakuwa da busasshen kashin awaki, ya ware su gida biyu.

"Kowane irin gishiri gefe biyu gare shi, kamar mangala a bayan jaki. Gefe ɗaya yana ɗauke da caji na ƙari, ɗayan na ragi. In ba su zo daidai ba, kaya ba ya zama. Tsakuwa ita ce ƙari, kashin awaki shi ne ragi."

Ya rubuta Na da tsinke, ya ce sodiyam ke nan, ya ɗora masa tsakuwa ɗaya. Ya rubuta Cl a gefe, ya ɗora masa kashi ɗaya. Ɗaya da ɗaya, kaya ya zauna: NaCl, gishirin miya. Sai ya rubuta Ca, ya ba shi tsakuwa biyu, ya tambaye ni Cl nawa zai ɗauka kafin jaki ya miƙe. Na ce biyu. Ya rubuta CaCl₂, ya nuna min ɗan ƙaramin biyun da ke ƙasa, ya ce shi ke gaya wa mutum guda nawa aka ɗora. Daga nan ya zo kan kanwa, wadda kowane makiyayi ya sani. Ya ce malaminsu ya nuna musu cewa ƙarfin kanwa yana cikin wani abu da ake rubutawa da Na a gefe ɗaya, CO₃ a ɗayan. Shi CO₃ ɗin ƙulli ɗaya ne, ba a kwance shi, kuma nauyinsa kashi biyu. Tunda Na tsakuwa ɗaya ce gare shi, dole a ɗora guda biyu: Na₂CO₃. A ƙarshe ya ba ni mai wuya, Al mai tsakuwa uku da O mai kashi biyu, ya koma ya jingina da bishiya. Na daɗe ina jujjuya su har na ga sai an kai shida da shida, biyu na wannan, uku na wancan. Na rubuta Al₂O₃ da hannuna.

"Wallahi Hamma, a ajinmu akwai waɗanda har yau ba su iya wannan ba!"

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ji daɗi na ɗan lokaci, sannan daɗin ya juye ya zama wani abu dabam, don na tuna su suna aji ni ina bisa gawo. Na tsaya a kan wannan ranar ne don kada wani a cikinku ya nema min uzuri da jahilci. Na gane lissafin sarai.

Al'adarmu ce idan damina ta kusa a jiƙa wa shanu kanwa su sha, ta wanke musu ciki, ta buɗe musu ci kafin sabuwar ciyawa. A waccan shekarar Baba ya fi kowane lokaci damuwa da wannan, don shanun sun fara lasar ƙasa da tauna tsumma. Ƙafarsa ta kumbura ba ya iya tafiya, sai ya kira ni ya danƙa min rago ɗaya da ya rage, ya ce in kai Maigatari ranar Alhamis in dawo da kanwa. Wannan ne karo na farko da ya aike ni kasuwa a matsayin mai yanke magana. Har na juya sai ya ƙara da cewa:

"Ka tafi da Sambo. Yanzu kaya duk da rubutu suke zuwa, ya duba maka."

Mun isa da rana tsaka, na sayar da ragon, muka nufi layin masu kanwa. Wurin da a dā ake jibge ta tuli-tuli, ranar kusan babu kowa. Raƙuman da ke kawo ta daga arewa fari ya cinye su. 'Yar wadda ke akwai, abin da ke hannuna ba zai sayi wadda za ta ishi shanu uku ba. Ina tsaye ina tunanin yadda zan koma wa Baba da ƙullin da bai cika zani ba, sai wani mutum daga tsallaken iyaka ya yafito ni. Yana zaune a kan buhuna huɗu, ɗaya a buɗe, cike da wani farin abu mai tsabta kamar sukari.

"Kanwar nasara ce, Fulani. An tace ta, babu ƙasa babu tsakuwa. Ludayi ɗaya nata ya fi ƙwarya ɗaya ta waccan. Buhu guda zan ba ka."

Buhu guda. Na hango kaina ina sauke shi a gaban Baba.

Sambo ya durƙusa yana juya buhun. Rubutun na Faransanci ne, kuma ruwa ko gumin dabba ya goge mafi yawansa. Amma a ƙasa akwai wasu manyan haruffa da suka rage: Na, sai tabon harafi ɗaya da ya cinye, sai O da ɗan ƙaramin uku. Ya daɗe yana kallo, ya duba sauran buhunan, duk sun fi wannan gogewa. Sai ya share ƙasa da hannunsa, kamar ranar gindin gawo, ya yi min magana da Fulatanci don kada mai kaya ya ji.

"Hamma, wannan ba kanwa ba ce."

"Ba ga Na ɗinka nan ba? Ga O da uku. Harafin da ya goge C ne."

"In C ne, ina biyun? CO₃ kashi biyu gare shi, dole Na ya zama biyu. Dubi nan, bayan Na wurin fes yake, ba a taɓa buga komai ba. Na ɗaya ne. Ke nan abin da ke gefensa kashi ɗaya gare shi, kuma harafi ɗaya ne ya ɓace. Wanda na sani mai kashi ɗaya haka shi ne NO₃."

Ya rubuta su a ƙasa, ɗaya bisa ɗaya, Na₂CO₃ da NaNO₃.

"Wannan na ƙasan takin zamani ne. Gona ake zuba wa. Malam ya ce irinsa yana lalata jinin dabba."

Mai kayan bai ji Fulatanci ba, amma ya ga zanen. Ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji:

"A'a! Ashe da ɗan lakwal ka zo, ɗan boko! Ku zo ku ga ikon Allah, yau ƙane ke duba wa wa a ƙasa, kamar boka. Kai Fulani, shanun naka ne ko nasa? In shi ne mai gidan ka matsa in yi ciniki da shi."

Mutane suka taru suna dariya. Wani mahauci ya ce, "Bar shi ya gama bugun ƙasar, ko zai gano mana ranar ruwa." Na ɗebi abin na sa a harshe. Ku da kuka san kanwa kun san tana da santsi a baki kamar sabulu. Wannan ba ta da shi. Sanyi na ji, da ɗan ɗaci. Harshena ya gaya min abin da Sambo ya gaya min, idona kuma yana kan wurin da biyun ya kamata ya kasance, babu shi. Duk da haka na sa ƙafa na shafe rubutunsa, na ce a ɗora min buhun a kan jaki.

A hanya bai yi fushi ba, roƙo ya yi ta yi. Ya ce mu fara gwadawa a kan akuya ɗaya. Ya ce mu kai wa malamin dabbobi a Gumel ya gani. Ya ce ko dai mu gaya wa Baba duka maganar, shi ya zaɓa. A nan na tsayar da jaki.

"Ka kunyata ni a kasuwa, bai ishe ka ba sai ka ƙara a gaban Baba? In ka buɗe baki ka ƙaryata ni a gidan nan, ba ni ba kai har abada."

Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A gidan da muka tashi, ƙane ba ya musa wa wansa a gaban uba, ko da wuta ce ta kama rigar wan. Kunya ce da ake shayar da mu tare da nono. Na san da ita na ɗaure shi, kuma da gangan na yi.

Da Baba ya ga buhun ya sa mana albarka. Ya tambaya ko Sambo ya duba, na riga shi amsawa na ce ya duba. Amma na lura da yadda Sambo ke zagaya Inna, na san ba zai kai wani yinin ba sai ya gaya mata. Don haka da gari ya waye ranar Juma'a na aike shi Ɗanzomo ya karɓo wa Baba maganin ƙafa. Yana ɓacewa na kora shanun bakin rijiya, na cika komi da ruwa, na zuba farin abin nan da ƙwarya, na dama. A raina ina cewa in ya dawo ya tarar da su lafiya, bakinsa ya mutu. Shanun sun kwana da ƙishi, cikinsu babu komai. Suka kafa kai suka sha. Biyu ne kawai ba su samu wuri ba, wata tsohuwa da ɗan maraƙi, manyan suka ture su.

Kafin azahar karsanar Inna ta fara tangaɗi. Numfashinta ya riƙa fita da sauri, jikinta na rawa, na buɗe bakinta na ga dasashin ya koma launin ƙasa. Kafin in kira mutane wata ta faɗi. Maƙwabta suka zo da wuƙaƙe muna bin su ɗaya bayan ɗaya don kada su zama mushe, huɗu muka samu, uku suka riga mu. Jinin da ya fito ba ja ba ne, baƙi-baƙi ne kamar ruwan makuba. Da mutane suka ga haka babu wanda ya yarda ya taɓa naman. Rami muka haƙa. Aka ɗauko Baba a kan jaki aka kawo shi, ya zauna a bakin komin yana kallo. Inna ta rufe fuskarta da zani.

Ana cikin haka Sambo ya dawo da ƙullin magani a hannu. Ya tsaya. Bai dubi shanun sosai ba, komin ya duba, sannan ni.

Baba ya kira shi da sunansa na yanka, abin da ba ya yi.

"Abdullahi. Na ce ka duba buhun nan?"

"Ka ce, Baba."

"Ka duba?"

"Na duba."

"To me karatunka ya gaya maka?"

Sambo ya ɗago kai ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne. Jira yake yi. Ya bar min wuri in shiga in faɗa da bakina, don shi ba zai iya ba sai ya tsallake ni. Kalma biyar za su isa: ya hana ni, na ƙi. Na dubi mutanen da ke tsaye, na dubi ramin, na tuna ni ne babban ɗa, ni za a bar wa gida. Na sunkuyar da kai.

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Shekara huɗu ana karatu, a kasa bambance kanwa da guba. Wanka bai yi zurfi a boko ba, shi ba ni da abin ce masa, da kai ya dogara. Ka ajiye akwatin nan. Ya isa."

Inna ta ce, "Malam, a bari zuciya ta huce."

"Na faɗa tun farko, a gabanki."

Hutu ya ƙare, motar da ke kwasar 'yan makaranta ta zo Gumel ta tafi babu shi. Malamin nan ɗan Indiya ya aiko da takarda har sau biyu yana tambaya. Ni ke karanta wa Baba wasiƙa, kuma na karanta masa su daidai, ban rage komai ba, ina fatan ko za su sauya masa rai ba tare da na yi magana ba. Ba su sauya ba. Kafin ruwa ya sauka aka haɗa Sambo da wani kawunmu ya tafi kudu kiwon shanun mutane. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. Littattafansa suna cikin akwati a ɗakin Inna har gara ta gama da su.

Kullum ina cewa zan gaya wa Baba idan abubuwa suka daidaita. Da gero ya yi kyau na ce bari a sake tara 'yan shanu. Da aka tara na ce bari ƙafarsa ta warke. Ya rasu shekara biyar bayan farin, Sambo yana kudu, kuma ko a ciwon ajali da aka ambaci sunansa sai da ya kawar da kai. Inna ta bi shi ba da daɗewa ba. Ina zaton ita ta yi zargin wani abu, don wata rana ta dube ni ta ce, "Sambo bai taɓa kuskuren ƙirga ko da kaji ba," ta tsaya nan, ni ma ban ɗauka ba. Daga baya na samu aiki a ma'aikatar gona a Gumel da takardar firamaren nan tawa, na yi shekaru ina raba wa manoma taki, ina gargaɗinsu kada su ajiye shi inda dabba za ta kai baki. Suna yaba min da sanin aiki.

Sambo ya dawo ya zauna a Gagarawa yana sayar da fata. Duk sallah yana zuwa gaishe ni, ya durƙusa kamar yadda ƙane ke yi, ku kun gani. Ya saka wa ɗansa na fari sunana. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Idan aka yi barkwancin nan a gabansa murmushi yake yi, ni kuma in sami abin kallo a ƙasa.

Da ciwonsa ya tsananta aka kwantar da shi a asibiti a Gumel, na je da hantsi na sallami 'ya'yansa, na ce ina da magana da ubansu. Ya rame har ban so kallon hannunsa ba. Na zauna a bakin gadon na faɗi abin da ya fi shekara arba'in a bakina. Na ce zan tara dangi in gaya musu gaskiya tun yana da rai, ya ji da kunnensa. Na ce ya yafe min.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin.

"Ka bar shi, Hamma," ya ce. "Wanda nake so ya ji ya daɗe a ƙasa."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya ce in miƙo masa ruwa. Na tallafi kansa ya sha kaɗan, ya ce na gode, ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bayan nan ya cika.

Ban san ko yafewa ce ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Ya ce in bar shi, ga shi ban bari ba, na sake ƙin jin maganarsa. Idan kun gama karanta wannan, ku kai wa 'ya'yansa a Gagarawa. Kada ku aika, ku je da ƙafarku, babbanku ya karanta musu a tsakar gida. Duk abin da suka ce a kaina, ku dawo ku faɗa min yadda suka faɗe shi, kada ku tausasa.